Kwalabe Biyu a Gindin Randar Inna

Jama'a, abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a tasha na ji shi ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba, don ba irin labarin da mutum ke sa wa gishiri ba ne. Shekarun baya ne, a shekarar nan da damina ta yaudari mutanenmu na gabashin Sakkwato, aka yi shuka da ruwan farko, gero ya fito har ya kai gwiwa, sannan ruwa ya ɗauke kamar an yi masa laifi. Ni mutumin Turba ne ta ƙasar Isa, amma lokacin ina aiki a birni, a ɗakin gwaje-gwajen wata cibiyar bincike da ba zan faɗi sunanta ba.

Aikinmu kiwo ne in za a faɗi gaskiya, sai dai dabbobinmu ido ba ya ganinsu. Bakteriya muke kiwo a cikin kwalabe. A cikin kowace ƙwaya akwai wani ɗan zaren gado mai siffar zobe, filasmid ake ce masa, to a jikin zoben nan ake ɗora saƙon da ake so ya shiga jikin majiyyaci ya gyara inda gadonsa ya zo da tangarɗa. Bakteriyar za ta yi ta hayayyafa tana ninka zoben, in kwalba ta cika sai mu zuba musu wani ruwa ya fasa su, mu tace zoben mu ajiye. Matsalar ita ce ba ya fitowa da tsabta, yana zuwa da dattin jikinsu, akwai ma dattin da in ya shiga jinin mutum zazzaɓi zai kayar da shi nan take. Shugabarmu, wata Dakta mai tabarau da gajen haƙuri, ta ci shekaru tana yi wa bakteriyar nan fiɗa tana cire mata duk abin da ke kawo dattin, har ta samu wani iri da muke sa ran zai ba da tsaba ba ƙaiƙayi. Amma yankan da ya sha ya mai da shi rago, ɗumi daidai kima yake so, zafi yana wuce haka sai ya mutu.

Ni kuwa abin da ya riƙe ni a aikin nan ba albashi ba ne, albashin ma ai abin dariya ne. 'Yata Asma'u, Ma'u muke ce mata, sikila gare ta. Ni da mahaifiyarta mun binne yara biyu kafin ita a kan wannan ciwo, daga baya muka rabu ba faɗa ba zagi, kawai kowa ya gaji da ganin fuskar ɗan'uwansa a zaman makoki. Ma'u ta tashi a hannun mahaifiyata, Inna, a Turba. Saƙon da ke jikin zobenmu kuwa na gyaran jinin sikila ne. Na sani sarai tsakanin kwalbarmu da allurar da za a yi wa yaro akwai tafiyar shekaru masu yawa, mu ɗanyen kaya kawai muke haɗawa, amma ta yaya za ka yi wa tsohuwa wannan bayani? In Inna ta tambaye ni aikin me nake yi, sai in ce maganin ciwon Ma'u muke haɗawa. Haka duk unguwarmu ta sani.

Ana cikin haka babbar firizar da muke ajiye irin ta lalace, mai gyara ya ce sai an yi odar kayanta. Dakta ta ga aikin shekaru zai narke a gabanta, sai ta sa muka dasa irin a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, masu wani abinci mai kauri a ciki, ta raba wa duk mai firiji a gida, kowa biyu, kada a tara ƙwai a kwando ɗaya. Na sa nawa a jaka na fito ke nan aka bugo mini daga gida, wani maƙwabci ne da ya hau tudu ya samu sabis, ya ce ciwon Ma'u ya tashi, kuma wannan karon ba irin na kullum ba ne. Wallahi ban tuna da kwalaben ba sai da mota ta fita gari. A hanya na sayi 'yar kula da ƙanƙara na zuba su.

Ta Sabon Birni muka bi, don ɗaya hanyar a lokacin ba mai hankalin da ke binta saboda 'yan bindiga. Tun daga can nake kallon gonaki ta taga, gero ya bushe a tsaye, shanu sun zama ƙashi da fata, mata sun jera jarkoki a bakin rijiya suna jiran ruwa ya tsattsafo. Na kalla kawai, ban ji komai ba. Tun bayan binne na biyu wani abu ya rufe a ƙirjina, ba baƙin ciki ba farin ciki, ko abinci ci kawai nake yi. Na isa Isa ranar kasuwa, na samu rukunin 'yan kabu-kabu na ƙarshe masu shiga wajen Turba, don lokacin ba mai tafiya shi kaɗai, sai an taru. Wanda ya ɗauke ni ya ce in ina da niyyar fitowa in shirya jibi, kafin nan ko nawa zan bayar ba mai tayar da mashin.

Na tarar da Ma'u a tabarma a ɗakin Inna, ta dunƙule, idanunta sun yi rawaya, tafin hannunta fari fat. Shekararta tara amma in ka ɗauke ta sai ka ce 'yar biyar ce. Kukan ma ya ƙare mata, wani ɗan sauti kawai take yi in ciwon ya murɗo, tana nuna ƙwaurinta da gwiwa da gadon baya. Na duba ƙarƙashin idonta na san ƙarin jini take bukata, kuma jini sai Isa, Isa kuwa sai jibi. Na ba ta magungunan da na zo da su, na ɗura mata ruwa. Abin da ya rage shi ne ta kai jibi da rai.

Ƙanƙarar kula ta zama ruwan ɗumi tun a hanya. Wuri mafi sanyi a gidanmu shi ne gindin randar Inna, inda take tara yashi tana yayyafa masa ruwa, to nan na tona na binne kwalaben zuwa wuya. Inna tana tsaye tana kallona.

Ta ce, "Mi ke cikin kwalaben ga da kake lallaɓawa awa ƙwai?"

Na ce, "Aikinmu ne, Inna, wanda nic ce maki. In sunka ji zahi mutuwa za su yi."

"Rai gare su ke nan?"

Na ce rai gare su. Sai ta ɗebi moɗa guda daga ruwan da aka kwana ana layi kafin a samu, ta yayyafa a yashin.

Washegari da hantsi aka yi shelar fita roƙon ruwa. Ban yi niyyar zuwa ba, amma Inna ta ce, "Tashi ka tahi. Zamanka nan ba ya rage mata komi, kuma mutane sun ga ka zo." Na tafi. Muka taru a filin idi cikin rana, manya da yara, kowa da tsohuwar riga, aka yi salla, liman ya juya mayafinsa mu ma muka juya namu, tsofaffi suna kuka da hawaye. Ni na ɗaga hannu tare da kowa ina cewa amin, amma ko ruwan ban roƙa ba, ko lafiyar Ma'u, kaina fayau yake. Sama kuwa ko ɗigon gajimare babu.

Da na dawo tun daga zaure na ji gidan shiru, wannan ɗan sautin nata babu. Na ce shi ke nan, an gama. Na ɗaga labule sai na ga Ma'u zaune. Yarinyar da jiya ba ta iya miƙe ƙafa, ga ta zaune ta tanƙwashe ƙafafu, tana wani irin jujjuya jikinta a hankali, zagaye-zagaye, ba tsayawa. Inna tana gefe da ƙoƙon rubutu a hannu, fuskarta cike da murna, a gabanta kuma ga kwalba ɗaya a buɗe, an kwashe cikinta tas da tsinke.

Ta ce, "Na ba ta guda. Na dama mata cikin rubutun Malam, ta shanye. Dubi, ta tashi."

Na ce, "Inna, ba a sha. Ba a gama shi ba."

Ta ce, "Kai kac ce maganin ciwonta ne. In zauna ina kallon magani gindin randa, ɗiya na mutuwa bisa tabarma? Ai na bar maka guda."

Ban yi mata faɗa ba, ban ma ji haushi ba. Na san irin nan ba mai sa cuta ba ne, rago ne, cikin mutum ma kashe shi zai yi, ba zai warkar ba kuma ba zai kashe ba. Na durƙusa gaban Ma'u na taɓa goshinta, ba zazzaɓi, sanyi ƙalau. Na riƙe kafaɗunta don ta daina juyin, sai na ji jikin yana ci gaba a ƙarƙashin hannuna, daidai yadda kwalba ke yi in ka ɗora hannu a kanta tana kan injin girgiza na wurin aikinmu.

Ta dube ni ta ce, "Baba, wurinku sanyi gare shi."

Na ce, "Wane wuri?"

"Inda anka aje mu. Sanyi mai cizo, ga duhu, mun daɗe kwance. Sannan anka hiddo mu, anka yi ta juyi da mu, ba a barin mu mu tsaya." Muryarta ce, ta Ma'u, ba wata baƙuwar murya ba, kuma a natse take magana kamar mai ba da labarin biki. Ta ce, "Matar ga mai tabarau ta kan ƙwanƙwasa muna da zobenta, ta ce ku tashi ragwaye, ba kwana anka kawo ku ba."

Jama'a, na rantse da wanda raina ke hannunsa, wannan ita ce maganar Dakta kowace safiya. Za ta shigo ta ɗaga kwalba ta duba a haske, ta ƙwanƙwasa ta da zoben hannunta, ta faɗi haka, mu yi dariya. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, me zai sa in gaya? Ma'u kuma iyakarta Isa a duniya. Ta ci gaba, ta faɗi jan bokitin da ke bayan ƙofa inda muke juye ragowar kwalabe mu zuba musu maganin kashewa, ta faɗi famfon da ke ɗiga, har da tabon ƙuna da ke bayan hannun wani abokin aikina. Inna tana ta murmushi tana cewa ka ji ta, ta samu baki, don ita a zatonta ni ne na ba yarinyar labari.

Can sai juyin ya ragu. Ta ce, "Baba, in munka cika kwalba, hwasa mu kuke yi?"

Da wani uban ne da ya ce a'a. Ni na ce, "Eh."

"Don ku ɗauki na ciki?"

Na ce eh.

Ta kalli ƙasa, sannan ta ce, "Da zahi?"

Ban taɓa tunanin wannan ba a duk shekarun da na yi ina zuba ruwan nan. Na ce, "Ban sani ba, Ma'u."

Ta ce, "To bari in tahi in gano maka."

Ta kwanta a gefenta na dama, ta sa hannu ƙarƙashin kumatu, ta yi barci, barci mai daɗi irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Inna ta tashi ta ɗora mata kunu don in ta farka. Ni ina zaune ina kallon numfashinta yana yin nisa da juna, na sani, amma ban ce wa Inna komai ba, na bar ta ta gama damun. Ana kiran la'asar ta cika.

Da ruwan randar nan aka yi mata wanka, maƙwabta suka ƙaro da abin da suke da shi. Muka kai ta kafin magariba. Ƙasa ta yi tauri har sai da masu haƙa suka yi ta karɓa-karɓa. Na sa ta da hannuna, na fito, mutane suna ta yaba haƙurina, wai ilimi ya yi rana. Ba haƙuri ba ne, da na ji wani abu da na yi kuka.

A kwanakin zaman makoki ba wanda ya ƙara yayyafa wa yashin ruwa, ni ma ban tuna ba, ga ranar da ake yi kuwa ko takalmi ka bari a tsakar gida sai ya yi laushi. Ranar da zan koma Inna ta tono kwalbar da ta rage, ta miƙo mini da zafinta, ta ce in ɗauki abina ba ta son ganinsa. Ta raka ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, "Don Allah ka hwaɗa mani gaskiya. Ni nik kashe ta?"

Na ce, "A'a, Inna. Jininta ne ya ƙare. Ko ba ki ba ta ba, ba ta kai ranar hita Isa."

Wannan gaskiya ce, kuma har gobe a kanta nake. Ta sake ni ta koma ciki.

Na dawo wurin aiki na tarar ana jimami, duk sauran kwalaben da aka raba sun lalace, wasu wuta ta ɗauke firiji ya ɗume suka mutu, wasu wata ƙwaya ta daban ta shige su. Na gaya wa Dakta inda tawa ta kwana, har da abin da Inna ta yi, amma ban faɗi maganganun Ma'u ba. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce in kwantar da hankalina irin ba ya cutarwa, ta kuma ce kwalbar da ta sha wannan rana gawa ce, amma a dasa a gani, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na dasa. Da safe kwalba ta yi kauri ta cika, irin cikar da ragon nan bai taɓa yi ba. Dakta ta ɗaga ta a haske, ta ƙwanƙwasa da zobe, ta faɗi maganarta, kowa ya yi dariyar murna. Ni na fita waje na tsaya.

Fasawa aikina ne, don haka ni na zauna. Yadda ake yi, ka tara ƙwayoyin, ka zuba ruwan fasawa, ka juya kwalbar a hankali, sai ka ga abin da ke gurɓace yana washewa, alamar sun fashe ke nan, bayan ɗan lokaci ka zuba wani ruwan da ke tsayar da aikin. Ina zubawa, ruwan ya fara washewa, sai na ji kamar an buga mini ƙusa a ƙwauri. Ya hau gwiwa, ya kama gadon baya, daidai wuraren da Ma'u ke nunawa, ɗaya bayan ɗaya. Innalillahi! Ban san akwai ciwo irin wannan a duniya ba, kuma shekara tara ina cewa yarinya ta daure. Na zame ƙasa na dunƙule, na ji ina yin wannan ɗan sautin nata. Abokin aikina ya karɓi kwalbar ya zuba ruwa na biyu don kada aiki ya ɓaci, yana zubawa ciwon ya ɗauke cak, kamar ba a yi ba.

Zoben da aka tace ranar ya fito da tsabtar da Dakta ta daɗe tana nema, sai da ta sa aka maimaita awon don ba ta yarda ba. Duk irin da ake amfani da shi a wurin yanzu daga kwalbar nan ya fito.

Na je asibiti an duba ni. Jinina yana nan yadda yake, rabin gadon kawai nake ɗauke da shi, irin wanda ba ya kayar da mutum haka. Likita ya ce damuwa ce, jiki yakan ari ciwon wanda aka rasa, kuma na so in yarda. Dakta ta cire ni daga fasawa ta ba wani. To wata rana ina sahu a masallaci ana azahar, ban san ma ana aikin ba, sai ƙusar nan ta shiga ƙwaurina, na kasa tasowa daga sujada. Da na koma na tambaya, daidai lokacin aka zuba ruwan. Shi mai zubawar bai ji komai ba, ba kuma wanda ya taɓa ji sai ni.

Malamai sun yi mini addu'a, wani ya ce aljani ne ya shiga yarinyar, wani ya ce in bar aikin. Ni ban san ko mene ne ba, kuma na daina tambaya. Abin da na yi shi ne na koma wurin Dakta na ce ta mayar mini da fasawa, tunda ko ina ina zai same ni, gara ya same ni a zaune. Amma ba wannan ne dalilin ba. Dalilin shi ne a duk mako wannan ɗan lokacin ne kawai nake jin wani abu, kuma a cikinsa ne kaɗai nake iya kiran sunanta in yi kuka.

Shawarata gare ku, ku yi gwajin jini kafin aure, ko da soyayya ta kai ina. Kada kuma ku kira abu magani a gaban mai jinya alhali bai zama magani ba, don shi mai jinya ba ya jiran a gama. Sannan in kuna zaune da mara lafiya ya ce bari ya je ya gano muku wani abu, ku riƙe hannunsa ku ce kun fasa tambaya, ba kwa son sani. Ni ban ce ba. Gobe da safe ma akwai kwalaben da suka cika, kuma ni ne a kai.